Layar da Aka Ba Ni Amana Na Farke

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni dattijo ne yanzu, na haura saba'in, na ajiye aiki ina zaune a Abuja cikin jikoki. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru kuwa, mutum ne ni mai ji da kansa, wanda ya yi kusan shekara talatin a ƙasashen waje yana wani aiki da har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta gane kansa ba. Aikina shi ne shirya baje kolin zane-zane da sassaƙa da sauran ayyukan fasaha. Ni ke zaɓen abin da za a nuna, in tsara yadda za a jera shi, in rubuta bayaninsa, in kuma kula da lafiyar kayan tun daga ranar da aka karɓo su har ranar da za a mayar wa masu su. Fannin da na ƙware a kai shi ne ayyukan baƙaƙen fata na wannan zamani da ke zaune a ƙetare, jikokin waɗanda aka kwashe daga nahiyarmu a jiragen bayi. Na zauna a Landan da Faris, na yi shekaru a Dakar, na yi ta kai-komo tsakanin Amurka da Kuba da Brazil. Ban da Hausa da Larabcin da na samu a makarantar allo da zaure, ina jin Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. Abin da aka fi sanina da shi a taruka shi ne caccakar gidajen tarihin Turawa, yadda suke ɗaukar kayan mutane su buɗe, su auna, su rubuta littafi a kai, ba tare da sun tambayi masu abu ba.

Bayan mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗin mai ya fara shigowa, Abuja ta koma filin gini. Duk inda ka waiwaya siminti ne da rodi, kuma kowane sabon ofis yana neman abin da zai rataya a bango. A wannan yanayi aka gayyace ni gida in shirya babban baje koli na 'yan'uwanmu na ƙetare. Na kama gida a Garki, aka ba ni wani babban ɗakin taro da ƙaramin ofis a gefensa, aka ce in kirawo duk wanda nake so. Ban taɓa samun sakin hannu irin wannan ba ko a Turai, inda sai ka yi shekara biyu kana rubuta takardun roƙo kafin a ba ka bango ɗaya.

A cikin waɗanda na gayyato akwai wata baiwar Allah daga Bahiya, wani yanki na Brazil da aka kai Hausawa da Yarbawa da yawa zamanin bauta. Ta girme ni da 'yan shekaru. Mun daɗe da sanin juna, na ci abinci a gidanta ba sau ɗaya ba, har wata rana ta tambaye ni yadda Bahaushe ke kiran babbar 'yar'uwarsa. Na ce Yaya. Ta ce to daga ranar haka zan riƙa kiranta, ita kuma ta koyi ce mini ƙanena. Da farin yadi da gishiri take yin aikinta, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a gidanta wata laya ce da ba ta wuce akwatin ashana girma ba, fatarta ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi saboda gumi da yawan taɓawa. Duk Bahaushen da ya gan ta ba sai an gaya masa mene ne ba. Ta ce kakar kakarta ce ta tsallako teku da ita a wuya, kuma tun daga nan babbar 'ya mace ke gadonta. Su yanzu ba Musulmi ba ne, babu wanda ya iya karanta baƙi ɗaya na Larabci a zuriyar, amma duk macen da za ta haihu a gidan sai an sa mata layar a ƙarƙashin matashin kai. Wasiyya ɗaya ce ke biye da ita daga uwa zuwa 'ya, ita ce kada a buɗe.

Ni na lallashe ta ta zo da layar Abuja. Na ce ya kamata layar ta zo ta ga ƙasarta ko sau ɗaya. Ta yi dariya ta ce ba ta sani ba ko ƙasar za ta gane ta. Da ta iso, ta rataye dogayen fararen yadudduka daga rufi, ta shimfiɗa gishiri a ƙasa, ta sa layar a tsakiya cikin ƙaramin akwatin gilashi. A sana'armu akwai takardar aro, wadda ake rubuta halin da abu yake ciki ranar da aka karɓe shi, mai abu da mai karɓa su sa hannu, ranar mayarwa kuma su sake dubawa su sake sa hannu. A ƙasan tamu ta ƙara layi ɗaya da hannunta, cewa ba za a farke ɗinkin ba ko da wane dalili. Na sa hannu ina yi mata tsiya, na ce duk duniya ni ne wanda bai buƙaci a rubuta masa wannan ba. Ranar buɗewa manya sun cika ɗakin. Wani darakta daga wata ma'aikata ya leƙa akwatin ya fashe da dariya, ya ce haba Furofesa, wannan ai kakarsa tana da irinta cike da kwando, ashe da ya kawo an sa masa a gilashi. A Faris da mutane sun tsaya gabanta shiru kamar a maƙabarta, a nan kuwa sun yi mata dariyar da ake yi wa 'yar gida, kuma Yaya ta ce wannan ya fi yi mata daɗi. Bayan kwana uku ta koma, domin babbar 'yarta tana da ciki. Muka yi da ita za ta dawo bayan mako shida ta ɗauki layar kafin watan haihuwa ya kama. Mabuɗin akwatin yana aljihuna.

A lokacin ina rubuta littafi a kan sawun Hausawa a ayyukan masu fasahar Brazil. Takardun da bayi Musulmi suka bari a can, waɗanda aka sani, suna ɗakunan ajiya, kuma masana sun gama tattake su. Amma ga wata a rufe, a hannun zuriyar da ta zo da ita, ba idon da ya taɓa ganin cikinta. Kullum in na zo wucewa sai in tsaya in ce a raina, in da ajami ne fa? In da akwai sunan gari, ko sunan malamin da ya rubuta? Na riƙa gaya wa kaina cewa alheri zan yi mata, zan miƙa mata sunan garin kakanninta a tafin hannu. Gaskiyar ita ce babi nake so a littafina wanda babu wani masani a Landan ko Amurka da ke da irinsa. Na lura Shaiɗan ba ya zuwa wa mai karatu da kwalbar giya. Da tambaya yake zuwa masa, tambaya mai kyau kuwa.

Ranar Litinin ba ma buɗe wa jama'a. Da hantsi na ɗauko layar, na naɗe ta a hankici, na nufi kasuwar Garki wurin wani tsohon baduku ɗan ƙasar Sakkwato da ke gyara mini jaka da takalma. Ina ce masa Baba, shi kuma Furofesa yake ce mini, da wata murya da ba ka rabe girmamawa da zolaya a cikinta. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ɗinki biyu ne a jikinta. Na ƙasa da jijiya aka yi shi, hannun baduku ne na wajenmu, kuma wanda ya yi shi ya san aikinsa. Na sama da farin zare ne, hannun mace ne da ba ta koyi dukanci ba, amma ta bi ramin basillar farko ɗaya bayan ɗaya don kada ta huda sabo. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ɗago ya tambaye ni ko littattafan Ingila ne suka ƙare da zan koma karatun cikin layar mutane. Ya ce laya ba wasiƙa ba ce, malamin da ya rubuta ba don a karanta ya rubuta ba. Ya ce takardar da ta sha gumin mutane haka ta zama ɓawon albasa, iska kawai take jira. Sannan ya tambaye ni ko mai ita ta sani. Na ce za ta ji daɗi in ta ji sakamakon. Ya ce shi ba jin daɗinta ya tambaya ba, ko ta sani ya tambaya. Sai ya mayar da ita cikin hankicin, ya damƙa mini, ya ce in akwai takalmin da ya tsinke in kawo.

Na koma ofis raina a ɓace, ina cewa me baduku ya sani game da adana takardu, ni da na ga yadda ake yi a manyan ɗakunan ajiya na duniya. An ɗauke wuta tun safe, janareton ginin kuma ba a kunna shi ranar Litinin. Na rufe taga don kada iska ta shigo, na shimfiɗa farar takarda a tebur, na sa safar hannu, na ɗauko sabuwar reza da hantsaki da gilashin ƙara girman rubutu. Farin zaren ya yanke ba gardama. Jijiyar ta yi tauri, sai da na danna. A ciki akwai takarda da aka ninke ta sau da yawa, ta yi ja kamar ganyen taba, ta manne da fatar. Ninki na farko ya buɗe ya rabu biyu. Na biyu ya rabu gida huɗu. A nan ya kamata in tsaya, amma na ga baƙaƙe, hannuna ya ci gaba. Na karanta Bisimillah, da rabin wata aya da duk yaron da ya yi wata uku a makarantar allo ya haddace. Ina cikin ɗaga ninki na uku aka kawo wuta. Ashe fankar sama a kunne aka bar ta. Kafin in miƙe in kai hannu ga makunni, abin da ya tsallake teku ya yi shekaru aru-aru a wuyan mata ya watse a kan tebur da kujera da kafet. Na durƙusa da babbar rigata ina tsince shi da hantsaki, ina zubawa a ambulan. Abin da na tara bai cika cokalin shayi biyu ba, kuma ban san ko nawa ne a ciki ƙurar kafet ba.

Kafin la'asar ina gaban Baba. Ya leƙa ambulan, ya yi salati, ya ce lallai boko ya yi rana. Ya ce zai ɗinke, ba don ni ba, sai don ba a barin gawa a buɗe. Ya zuba garin a cikin fatar a hankali, ya kakkaɓe ambulan har sau uku. Na roƙe shi ya kwaikwayi tsohon ɗinkin, ya rina zaren yadda ba za a gane ba. Ya ce basillarsa ta girme ni a aiki kuma ba ta taɓa yin shaidar zur ba, ba kuwa a kaina za ta fara ba. Ya ɗinke da zarensa sabo, ɗinki mai kyau wanda ko makaho zai gane na jiya ne. Ya ce in gaya mata da bakina kafin hannunta ya gaya mata. Ban bi shawararsa ba. Na koma gida na shafa wa zaren baƙin man takalmi, na mayar da layar akwati, na kifa gefen ɗinkin ƙasa. Sauran makonnin na ci gaba da zagayawa da baƙi da ɗalibai, ina tsayawa gaban akwatin ina yi musu bayani a kan darajar abin da zuriya ta ƙi buɗewa. A takardar aro kuma, a gurbin ranar mayarwa, na rubuta cewa an mayar kamar yadda aka karɓa, na sa hannu tun kafin ta iso.

Da ta dawo na yi ta jan lokaci. Na kai ta Bwari ta ga matan Gbagyi masu ginin tukwane, na kai ta cin kifi, na kai ta duk inda na tuna. A rana ta uku ta ce ƙanena, yawon ya isa, a ba ta kayanta. Na buɗe akwatin na miƙa mata. Ba ta ko duba ba. Ta rufe hannunta a kai, ta bi gefen da babban yatsa, sai yatsan ya tsaya. Ta kai ta hanci ta shinshina. Sannan ta kai ta kunne ta girgiza, ni ma daga inda nake tsaye na ji tana motsi kamar yashi a cikin ƙwarya, abin da a da ko ƙus ba ya yi. Ta nemi kujera ta zauna. Na shirya amsar dalili, amma ba dalili ta tambaya ba. Ta ce me aka rubuta a ciki. Na gaya mata, sunan Allah da rabin aya, sauran kuma fanka ta ɗauke kafin in gani. Ta tambayi wanda ya ɗinke, ta ce in kai ta wurinsa yanzu.

Abin da ya faru a kasuwar shi ne hukuncin da ban taɓa mantawa ba. Ita ba ta jin Hausa, shi ba ya jin harshen Fotugal, babu mai fassara sai ni. Ta ce ya ba ta labari tun daga farko. Baba ya ajiye aikinsa ya fara, bai rage komai ba, har da maganar rina zare. Ni kuma ina tsaye tsakaninsu, masu sayar da kaya na kallo, ina juya laifina daga wannan harshe zuwa wancan. Da na taƙaita wani wuri, sai ya ce Furofesa, maganarsa ta fi haka tsawo, in koma in cika mudu. Na koma na cika. Ya ciro guntun farin zaren da ya tsinta a bakin fatar ya ajiye a gwangwaninsa, ya miƙa mata. Ta ce ɗinkin kakarta ne, a gabanta aka yi shi tana yarinya, ita ce ma ta zura mata zaren a allura don idonta ya yi rauni. Ta tambaye shi ko layar tana da sauran amfani. Ya ce tawadar tana ciki ko da ta zama gari, sunan Allah kuma ba ya ruɓewa, sauƙin haihuwa dai daga wurin Allah yake. Ta roƙe shi ya goge man takalmin, ya bar zarensa ya fito fili. Ya goge, ta yi masa godiya, ni na fassara.

A mota ta yi mini magana sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce kakarta ta rayu tana cewa sunan garinsu ne a ciki. Mahaifiyarta ta ce sunan matar da ta zo da layar ne, wanda aka raba ta da shi a bakin teku. Ita kuma tun tana yarinya ta ɗauka saƙon wata uwa ne zuwa ga 'yarta. Kowace da abin da ta riƙe, kuma ya riƙe ta. Yanzu sai ta koma gida ta zaɓa, ko ta yi wa 'yarta ƙarya ko ta raba ta da nata rabon. Ta ce jirgin bayi ya ƙwace musu komai ya bar musu wannan abu ɗaya a rufe, sai da ya zo gida aka buɗe shi. Da muka isa ofis na miƙa mata takardar aro don al'ada ta riga ta bi hannuna. Ta karanta abin da na rubuta, ta dubi sa hannuna, ta ajiye takardar a tebur ba ta taɓa biro ba. Ta rataya layar a wuyanta, ta ce sai wata rana, Furofesa. A bakin Baba ta ji sunan, kuma da irin muryarsa ta faɗe shi.

Wasiƙa ɗaya daga gare ta ta isa ta kashe mini aiki, domin a sana'armu wanda aka san ya taɓa kayan aro ba a sake ba shi ko tsinke. Ba ta rubuta wa kowa ba. Baje kolin ya samu yabo, aka ƙara gayyata ta wurare, littafin ya fito ba tare da babin ba. Na aika mata wasiƙu uku, ba amsa. A bakin wani na ji 'yarta ta haifi mace lafiya. Ban san abin da aka sa a ƙarƙashin matashin ba, ban kuma san abin da ta zaɓa ta gaya wa 'yar ba. 'Yan shekarun baya labarin rasuwarta ya iso ni. Baba ya riga ta, kuma har ya rasu ni ke kai masa takalmana, bai sake tayar da maganar ba.

Na yi shekaru ina zagin Turawa a kan buɗe kayan mutane, ina ganin launin fatata da harshena sun wanke ni. Su da bindiga suka karɓa, kowa ya san matsayinsu. Ni da sunan ƙane aka ba ni, shi ya sa hannuna ya kai inda nasu bai kai ba. Ina jan kunnen matasanmu da ke shiga wannan fanni, da masu bincike a jami'o'i, da masu zagaya ƙauyuka suna ɗaukar hoton kundin malamai da kayan tsofaffi. Ba duk abin da ka iya karantawa ne aka ba ka izinin karantawa ba, kuma kusancinka da mai abu ba izini ba ne, nauyi ne ya ƙaru. In mai abu ya ce kada a buɗe, tambayarka ta ƙare a nan, komai kyawunta. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun da wuri, domin na tabbata man takalmin ya fi rezar yi mata ciwo. Takardar aron tana cikin durowata har yau. Ga ƙaryata da sa hannuna a gefen dama, gurbinta kuma a gefen hagu fari fat, babu kuma sauran wanda zai cike shi. Allah Ya yafe mana, Ya sa mu fi ƙarfin abin da aka ba mu ajiya.